Masu ritaya da kiwon kaji: a fara da lissafin abinci

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan dattawanmu da ke faɗawa kasuwanci bayan ritaya. Yawancin ma'aikatan gwamnati a Najeriya suna ajiye aiki ne idan sun cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, alhali yara na jami'a, 'yan mata na jiran kayan ɗaki, fansho kuma ba ya bin tashin farashi. Ga zaman gida da ke gundurar wanda ya saba fita da sassafe. Shi ya sa da kuɗin sallama sun shigo, sai a nufi kiwon kaji.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba kuɗin a gina ɗaki da sayen 'yan tsaki, a manta abinci ne ke cinye kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwo. Kajin nama 100 kan ci buhu 18 zuwa 20 mai kilo 25 kafin mako takwas. Masu ƙwai kuwa sai sun yi kusan wata biyar ana ciyar da su kafin ƙwan farko. Idan kuɗi ya yanke wa mai kajin nama a mako na biyar, dole a karyar wa dillalai.

Maganin rigakafin cututtukan kaji kuma, irin su na gumboro da lasota, in aka bar shi ya yi zafi a hanya ko aka dama shi da ruwan famfo mai kulorin, ya tashi aiki. Shawarata, a fara da kaji 50, a ware kuɗin abincinsu kaf, a samo masu saye tun kafin su isa yanka. Kada a bayar bashi, ko ga dangi.

Naka,
Wani mai kiwon kaji, Zariya