Wasiƙa zuwa ga 'yata a kan darasin Ruwanda

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, mahaifiyarki ta faɗa mini cewa kundin digirinki zai kasance a kan alhakin manyan ƙasashe wajen hana kisan kiyashi. Na yi farin ciki, amma ina roƙonki ki fara da Ruwanda kafin ki dulmuya cikin takardun yarjejeniya.

Tun 1948 duniya take da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi, duk da haka a 1994, cikin kwana ɗari, aka hallaka mutane kusan 800,000, akasarinsu Tutsi, da yawansu da adduna. Ina manne da rediyo a lokacin, kuma har yau abin yana ci mini rai, domin tun watan Janairu Janar Romeo Dallaire, kwamandan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Kigali, ya yi gargaɗin cewa ana tara makamai. Da aka kashe sojojin Beljiyam goma na cikin waɗannan dakarun, sai Beljiyam ta kwashe sauran sojojinta, har da masu gadin wata makarantar koyon sana'a inda mutane kusan 2,000 suka fake. Motocin sojojin na fita, 'yan Interahamwe, wato mayaƙan sa-kai na ƙabilar Hutu, suka afka ciki. Ranar 21 ga Afrilu, ana tsakiyar yanka mutane, Kwamitin Sulhu ya rage dakarun zuwa 270, yayin da jami'an Amurka, waɗanda raɗaɗin kashe sojojinsu a Somaliya a 1993 bai sake su ba, suka yi ta kauce wa kiran abin da sunansa don kada nauyi ya hau kansu.

Kada ki manta da waɗanda suka tsaya. Najeriya tana cikin Kwamitin a shekarar, kuma jakadanta, Farfesa Ibrahim Gambari, yana cikin 'yan tsirarun da suka nemi a ƙara dakaru, sannan sojojin Ghana sun ci gaba da zama a Kigali bayan wasu sun tafi. Sai dai mai kujerar wucin gadi ba ya iya ture ra'ayin ƙasashe biyar masu ikon hawa kujerar na-ƙi.

A 2005 shugabannin duniya suka amince cewa idan gwamnati ta kasa kare mutanenta, alhakin yana komawa kan sauran duniya. An dogara da wannan a Libiya a 2011, amma da abin ya ƙare da kifar da Gaddafi, Rasha da Sin suka ce an wuce gona da iri, suka riƙa toshe ƙudurori a kan Siriya, makaman Libiya kuma suka malalo Sahel.

Shawarata ita ce, a duk ƙudurin da za ki ambata, ki nemo yadda aka kaɗa ƙuri'a: wa ya amince, wa ya ƙaurace, kuma wace moriya yake karewa a wannan makon. Ki rubuta abin da kika gano ba tare da sakaya suna ba, ko da ƙasar da kike sha'awa ce.

Ki turo mini babin farko in karanta. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki