Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke kula da benen da muke haya a Kano

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin masu haya a benen kasuwancin da kamfaninku ke kula da shi, kuma mun fito fili da maganar ne saboda koke-koken da muka kai ofishinku ba su haifar da komai ba sai alkawari.

Ƙorafinmu a kan iskar da muke shaƙa a cikin ginin ne. Tun da aka yi wa benen kwaskwarima aka rufe tagoginsa da gilashin da ba ya buɗuwa, babu sauran hanyar shigar sabuwar iska sai manyan fankokin kan rufi masu turo ta ta bututu, da kuma masu zuƙe tsohuwar daga banɗakuna. Na banɗakuna sun daɗe da mutuwa, ƙurar hunturu ta toshe matatun bututun har baƙinta ya fito a jikin silin, fankokin da suka rage kuma kashe su ake yi da zarar an koma kan janareta, wai don tattalin dizal.

Duk wanda ya yi magana, amsar ma'aikatanku ɗaya ce: ai esi yana aiki. Ranka ya daɗe, esin bango iskar ɗaki yake ja ya sanyaya sannan ya maido da ita, ba ya shigo da ta waje, saboda haka idan mai tari ya zauna a shagon da ke rufe, numfashinsa ne ke ta zagayawa tsakanin jama'a, sai dai da sanyinsa. Tarin fuka ta iska yake yaɗuwa, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu fama da shi a duniya. Ƙwayar cutar ƙyanda tana iya kai awa 2 a iskar ɗaki bayan mai ɗauke da ita ya fita, alhali kullum mata ne ke shigowa nan da goyo. Mutanen Kano kuwa ba su manta da yadda mashaƙo ya yi ta'adi a 2023 ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa a gine-gine irin wannan kowane mutum ya samu aƙalla lita 10 ta sabuwar iska a kowane sakan, kuma muna so a nuna mana takardar awon da ta ce ginin nan ya kai wannan mizani.

Akwai kuma tankin ruwan babbar na'urar sanyaya zauren ƙasa, wanda ya yi gansakuka. A irin wannan ruwa mai ɗumi ƙwayar Legionella ke hayayyafa, ita ce kuma ta haddasa ciwon huhun da ya kashe aƙalla mutum 29 bayan wani taro a otal a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976.

Kuɗin kula da gini dai ba a taɓa ɗaga mana ƙafa a kansa ba, ƙari ma aka yi. Don haka muna neman a kawo ƙwararren injiniya ya duba bututun da tankin a gaban wakilanmu, a sauya matatu, a gyara fankokin banɗakuna a haɗa su da layin janareta, sannan a liƙa jadawalin gyara a bakin ƙofa inda kowa zai gani. Idan kuɗin dizal ne ya gagara, a mayar da wasu tagogin masu buɗuwa. Mun ba da kwana 30 daga ranar da wannan wasiƙa ta fita; idan wa'adin ya cika ba a fara aiki ba, za mu kai maganar gaban jami'an duba-gari, mu kuma nemi shawarar lauya a kan kuɗin da muke biya.

Haza wassalam.

Ɗaya daga cikin masu haya, a madadin sauran.