Kada mu hana ƴaƴanmu shiga ƙungiyoyin ɗalibai baƙar fata a Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana da iyaye na Tawa da Yamai waɗanda ƴaƴansu suka samu bursu zuwa Amurka. Nasihar da muka saba yi wa yaro ranar tafiya ita ce karatu ya kai shi, ba ruwansa da ƙungiya. Niyyar mai kyau ce, amma a jami'ar da akasarin ɗalibanta da malamanta fararen fata ne, wannan nasiha tana barin yaro cikin kaɗaici.

Buƙata ce ta haifi ƙungiyoyin nan. A 1906 ɗalibai bakwai baƙar fata suka kafa ƙungiyar Alpha Phi Alpha a jami'ar Cornell, kuma daga baya Martin Luther King ya zama ɗan ƙungiyar. A 1966 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar ɗalibai baƙar fata a kwalejin San Francisco, wadda ta jagoranci yajin karatu daga Nuwamba 1968 zuwa Maris 1969, har hukuma ta amince da buɗe sashen nazarin tarihi da rayuwar baƙar fata. A yau irin waɗannan ƙungiyoyi ne ke nuna wa sabon zuwa yadda zai zaɓi darussa, da inda zai kai kuka idan an wulaƙanta shi, su kuma haɗa shi da tsofaffin ɗalibai masu hanyar samun aiki.

Mu ƴan Nijar bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi gwagwarmaya a FEANF, ƙungiyar ɗaliban Afirka a Faransa da aka kafa a 1950, kuma hakan bai hana shi zama gwarzon masanin makamashin hasken rana ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu yaranmu ke ɗaukar kansu daban da baƙaƙen Amurka, alhali ƙofar da suka shiga da wahalar kakannin waɗancan aka buɗe ta. Ga shi kuma lokaci ya tsananta, domin a Yuni 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, sannan tun Janairu 2024 dokar jihar Texas ta rufe ofisoshin da ke tallafa wa irin waɗannan ƙungiyoyi a jami'o'in gwamnati. Ina roƙon iyaye, idan suka kira ƴaƴansu, su tambaye su ko sun halarci taron ƙungiyar makarantarsu, kamar yadda suke tambayar sallah da sakamakon jarrabawa.

Wassalam,
Wani malamin makaranta, Tawa