Jakar goyo ta hawan tsauni: a duba aljihun shebur kafin launi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin 'yan'uwanmu ɗalibai da ma'aikata mazauna Turai, waɗanda suka fara bin abokai zuwa tsaunukan Alps da hunturu, ko hawa da ƙafa ko zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma da yawansu jakar makaranta suke goyawa su tafi.

Ga tafiyar yini ɗaya, jaka mai cin lita 25 zuwa 35 ta wadatar, domin za ta ɗauki rigar sanyi, ruwa, abinci, fitilar goshi da kayan agajin gaggawa. Wadda ta fi haka girma ba ta ƙara wa mutum komai sai kwaɗayin cusa abin da ba ya bukata.

Abin da ya fi muhimmanci, kuma masu saye suka fi mantawa, shi ne aljihu na musamman mai zif ɗinsa daban, inda ake ajiye shebur da sandar nan mai naɗewa da ake soka wa a cikin dusar ƙanƙara don gano wanda ta binne. Dalilin a bayyane yake. Binciken da aka yi kan haɗurran Suwizalan, wanda aka buga a 1994, ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda zaftarewar ƙanƙara ta rufe suna rayuwa idan aka tono su cikin minti 15, amma kafin minti 35 adadin ya faɗo zuwa kusan kashi 30. Wanda sai ya zazzage riguna da kwanon abinci kafin hannunsa ya kai ga shebur, da safar hannu mai kauri kuma, ya cinye mintunan da abokinsa yake numfashi da su. Ita kuwa na'urar da ke aika siginar inda mutum yake, a jiki ake ɗaura ta ƙarƙashin riga, ba a saka ta cikin jaka, tun da ƙanƙara tana iya fizge jakar.

Sai kuma dacewa da jiki. A auna tsawon baya daga ƙashin wuya zuwa saman ƙugu, a gwada jakar da kaya a ciki, a tabbata ɗamararta ta sauke nauyin a kan kwatangwalo maimakon kafaɗu. A duba maɗaurin gatarin ƙanƙara, da na hular kwano, da na katakon zamiya.

Akwai jakunkuna masu balan-balan da ke kumbura idan aka ja igiya, domin mutum ya taso saman ƙanƙarar. Suna taimakawa, amma suna da tsada da nauyi, kuma a ganina wanda kuɗinsa bai kai ba gara ya fara biyan kuɗin horon ceto, ya sayi jaka mai aljihun shebur.

Na gode.

Mai karatunka,
daga Grenoble, Faransa