Wasiƙa Daga Pitowa

Assalamu alaikum, Alhaji aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki. Yaya ƙafar taka? An ce mini sanyin Yawunde na tayar da ita idan damina ta kankama. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau sai zafi. Ka san ƙasar Garwa idan Afrilu ya kama: tun hantsi kan keken ɗinki ba ya taɓuwa, dare kuwa a tsakar gida kowa yake shimfiɗa tabarma.

Wata magana ce ta sa na zauna rubuta maka wannan takarda. Ɗanka, babban yaron nan nawa, ya zo ƙaramar salla ya fito da abin da ya daɗe yana kewaye-kewaye a kansa. So yake in sayar da gidan nan, ni da mahaifiyarsa mu tattara mu koma wurinsa a Yawunde. Ya ce wani ya taya da kuɗi masu kauri saboda gidan yana kusa da kwalta. Na san tausayi ne ya sa shi, yana ganin mun tsufa kuma babban asibiti sai an shiga Garwa. Na so in ba shi amsa, maganar ta tsaya mini a maƙogwaro. Kai kuwa yana jin nauyinka, kuma unguwarku ta Briketeri ba nisa da inda yake zaune.

Kai ne shaidata a kan gidan nan. Ka tuna ɗakuna biyun da nake haya a Yalwa, cikin Garwa, lokacin da mai gidan ya ƙara kuɗi sau biyu a shekara ɗaya? A watan Nuwamba na 1982 shugaban Kamaru Ahmadu Ahijo ya sauka daga mulki, Garwa, garin haihuwarsa, ya yi tsit, kowa na lissafin gobe. Ni lissafina ya tsaya a kan cewa ba zan goyi 'ya'ya a gidan haya ba. Kafin daminar 1983 na je gaban jauro aka auna mini fili a Pitowa, kilomita 15 kan hanyar Marwa. Kai ka taya ni ɗora keken ɗinki da gadon ƙarfe a bayan akori-kura, kana cewa, "Malam, wa zai kawo maka ɗinki a ƙauye?" Ni kaina ban san amsar ba a ranar.

Ba mu tarar da komai ba sai ƙasa da ƙaya. Ɗaki ɗaya na jinka, dangar zana, shi ke nan. Rijiyar da ke tsakar gida ni da maƙwabta muka haƙa, sai da muka yi gaba tara kafin ƙasa ta fara danshi. Ranar da gugan farko ya fito, uwargida ta ɗiba ta zuba wa ɗan dashen darbejiya da ta kafa a bakin ƙofa. Yau mutum biyu ba sa iya rungume gindinta, a inuwarta nake rubuta maka wannan.

Amsar tambayarka kuwa kasuwar Lahadi ce ta ba ni. Tun yammacin Asabar motoci ke fara sauke kaya. Kafin rana ta ɗaga, ga matan Fali sun gangaro daga wajen dutsen Tingilin da gyaɗa da ƙwarya, ga Bororo da nono da man shanu, ga busasshen kifin Lagdo a kwanduna, ga 'yan tireda daga Najeriya da Chadi, ga kara cike da shanu. Nakan kafa keke a rumfar zana kusa da 'yan atamfa. Mace ta sayi turmin atamfar kamfanin Sikam da safe, ta ajiye mini, ta tafi cefane, kafin la'asar ta dawo ta karɓi riga da zane. Uwargida tun asuba take kan kaskon ƙosai, yaran suna kai wa mahauta da direbobi a faranti. Da cinikin rana ɗaya a mako muka sa kwano, muka yi ɗaki na biyu da na uku.

Yara biyar aka haifa mini a gidan nan, cibiyarsu duka tana binne a bayan ɗakin uwarsu. Babban ne kaɗai ya zo a goye. Da asuba suna gaban malam da allo, da safe su ɗauki jaka su tafi boko. A gida Hausa, a ƙofar gida Fillanci, a aji Faransanci, kuma ba wanda ya zaunar da su ya koya musu na biyun. Akwai lokacin da na damu, na ga Fillanci ya fi sauƙi a bakinsu, har na kafa doka cewa duk wanda ya tsallako zaure ya bar shi a waje. Kakarsu ce ta warware matsalar ba tare da doka ba, Allah ya jiƙanta, da tatsuniya kowane dare bayan tuwo. Har yau in babban ya yi waya, Hausar kakarsa nake ji a bakinsa.

Amma abin da ya ɗaure ni da garin nan, Alhaji, ba kasuwa ba ce. Ka san yarinyata ta uku da sanƙarau ya ɗauke a bazara, kana Yawunde lokacin, wasiƙa kawai ka samu. Ban taɓa ba ka labarin daren ba. Wajen ƙarfe ɗaya wuyanta ya sanƙare, jikinta kamar garwashi, ba mota a tasha. Na buga ƙofar maƙwabcina, manomin audugar nan ɗan ƙabilar Mundang, Kirista, wanda ya taya ni haƙar rijiya. Bai tambaye ni komai ba. Ya fito da babur, ya tuɓe rigarsa ya ce in naɗe ta, na rungume ta a tsakaninmu muka kama hanyar Garwa cikin duhu. Ina jin numfashinta a ƙirjina duk tsawon hanyar. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, kwananta ne ya ƙare, kafin azahar ta cika. Mutumin nan ya bi mu har maƙabarta, ya zauna a ƙofar gidana kwana uku na zaman makoki, matarsa tana kawo ruwa da itace. Yarinyar shekararta shida. Kowace Juma'a bayan masallaci nakan bi ta wurin in yi mata addu'a, ita da kakarta. In na koma Yawunde, wa zai riƙa zuwa?

Shekarar 1994 ma ba ta bar mu ba. A watan Janairu aka karya darajar sefa da rabi, zare da allura da duk abin da ke zuwa daga waje suka yi tashin gwauron zabo, mutane suka koma kawo tsofaffin kaya a yi musu faci. A nan zaman ƙauye ya rufa mini asiri. Na ari karal, wato gonar laka mai riƙe ruwa, a wurin wani dattijo Bafillace, ya koya mini noman muskuwari, dawar rani: a yi dashe bayan ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba, a huda ƙasa da sanda a zuba ɗan ruwa a rami, daga nan laimar da ke cikin laka ce za ta raine ta har girbi a Fabrairu. Hannun tela ya yi kanta, yara suka san zafin rana, amma rumbu bai taɓa yin wayam ba, kuma ba wanda na cire daga makaranta. Abokan sana'ata da ke haya a cikin gari da yawa sun sayar da kekunansu a shekarun nan.

Da ambaliyar 2012, lokacin da Binuwai ta cika ta tumbatsa aka saki ruwan madatsar Lagdo, iyali biyu daga ƙauyukan bakin kogi sun zauna a zaurena sama da wata guda. Ɗaya daga cikin yaransu yanzu shi ne ke riƙe mini shago.

Ba zan ce maka garin yana nan yadda ka san shi ba. Zana ta koma bulo, babura sun hana yara wasa a hanya, gonakin da ke bakin kwalta duk an yanka su filaye, kuma akwai fuskokin da nake gaisawa da su ban san iyayensu ba. Wannan yana damuna. Duk da haka in na kwana biyu ban fito sallar asuba ba, kafin hantsi zaure ya cika da masu tambaya. Uwargida kuwa ta ce ita ko tayar da maganar kada a sake yi a gabanta.

Don Allah ka kira yaron nan ka zaunar da shi. Kada ka yi masa faɗa, ɗa ne mai albarka, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Ka nuna masa cewa in taimako yake so ya yi, ya gyara mana rufin ɗakin kudu kafin ruwa ya sauka, ya kuma riƙa turo jikokina hutun ƙarshen shekara su sha ruwan rijiyar da ubansu ya sha. Labarin daren nan na ƙanwarsa ma ka ba shi, yana ƙarami lokacin, barci yake yi.

Na ba direban da ke kai kaya Ngaundare ƙullin busasshen kifi da kuka da daddawa da ɗan man shanu, zai miƙa wa ƙaninka ya sako maka a jirgin ƙasa. Uwargida tana gaida Hajiya, ta ce daddawar tata ce da hannunta. In ƙafa ta yi sauƙi ka daure ka zo bayan babbar salla, ɗakin baƙi yana nan a share.

Wassalam.

Naka har kullum,
amininka na Pitowa