Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Uba Sani: a fara koya wa malamin gobe lissafi

Assalamu alaikum, Mai girma Gwamna. Ranka ya daɗe, Allah ya yi riƙo da hannunka.

Ni tsohon hedimasta ne. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli a makarantun firamare na cikin garin Kaduna kafin in ajiye aiki, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba sai na tuna maka 2017 ba, don kai ba baƙo ba ne a gwamnatin da ta yi wannan aiki. An zaunar da malaman firamare kimanin 33,000, aka ba su jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa cin kashi 75 cikin 100, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ta shiga yajin aiki a Janairun 2018. Aka ce mana za a ɗauki sabbin malamai 25,000 masu inganci, 'ya'yan talakawa su huta. A Yunin 2022 hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta sake sallamar malamai 2,357, akasarinsu saboda ba su zauna wata jarrabawar ba. Duk wannan hayaniya mun gani, mun ji kukan iyalai, wasu cikin waɗanda abin ya shafa ƙannena ne a aiki. Amma har yau ban ji an yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba: mutumin da lissafin aji huɗu ya gagare shi, wa ya koyar da shi, wa kuma ya sa hannu a takardar shaidarsa? An kashe maciji ba a sare kansa ba, ranka ya daɗe.

Bari in ba ka labarin abin da na gani da idona. Wata ɗalibar NCE, wato karatun takardar shaidar malanta, ta zo makarantarmu daga wata kwalejin ilimi don koyarwar gwaji, wadda su ke kira TP. Yarinya ce mai natsuwa, littafin tsara darasinta tsaf. Na ba ta aji uku. Ta rubuta 52 a ɗebe 17 a kan allo, wani yaro ya rubuta 45, domin ya ga 2 ba ta kai 7 ba sai ya juya su. Ta ja masa jan biro, ta rubuta 35, ta ce ai sai a aro ɗaya. Yaron ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, a wurin wa aka aro, kuma ya aka yi ɗaya ta zama goma?" Ta yi shiru. Daga nan ta daka masa tsawa ya zauna.

Bayan an tashi na kira ta ofis. Na kwance tsintsiya, muka ɗaure tsinke goma-goma da roba, ɗauri biyar da tsinke biyu a gefe. Na ce ta ba ni sha bakwai. Ta duba biyun nan, ta ga ba za su isa ba, da hannunta ta kwance ɗauri ɗaya ya zama goma, suka haɗu sha biyu. Sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, wallahi ni ma yau na gane abin da ake arowa." Tana shekararta ta ƙarshe ke nan, saura 'yan watanni a ba ta takardar da za ta koyar da ita har ta tsufa.

Yaron nan kuwa, idan an tashi makaranta ruwan leda yake sayarwa a bakin titi. Ba a taɓa cin sa da canji ba. Ka ba shi ɗari biyar ka ɗauki na ɗari da hamsin, kafin ka rufe baki ya miƙo maka ɗari uku da hamsin. Uwarsa ta san rabin mudu da kwatan mudu sun haura rabi, ba ta buƙatar allo. Amma na sha ganin malamin gwaji ya rubuta cewa 1/2 a tara da 1/3 ya zama 2/5, aji duka ya kwafa. Biyu bisa biyar bai ma kai rabin da aka fara da shi ba. Wannan yana ƙona mini rai, saboda yaran sun shigo aji da lissafinsu a ka, makaranta ce ta rikita su.

Ban ga laifin ɗalibar ba. A 2023 da 2024, mafi ƙarancin makin JAMB na shiga kwalejin ilimi 100 ne cikin 400, jami'a kuma 140. Wanda sauran ƙofofi suka rufe masa shi ake turowa aikin malanta, kuma da yawansu sun zaɓi sashen firamare ne don su guje wa lissafi. Ba wanda ya gaya musu cewa malamin firamare shi ke koyar da komai a ajinsa. Sai su shiga babban ɗakin lacca, a karanta musu, su haddace, su amayar a jarrabawa. A koya musu sunayen hanyoyin koyarwa, ba a taɓa sa su riƙe tsakuwa ko murfin kwalba su nuna wa ɗan shekara bakwai me ya sa 6 sau 4 daidai yake da 4 sau 6 ba. Lokacin TP kuma, a makarantu da dama sai a damƙa musu aji, malamin ajin ya tafi sabgarsa, mai duba su ya leƙo sau ɗaya ya ba da maki. Mu da muka yi Grade II, tsohuwar takardar shaidar malanta, shekara biyar muka yi ana tsaye a kanmu, kuma ba ka isa ka shiga darasin lissafi hannu rabbana ba tare da kayan ƙirga ba.

Na san manhajar NCE daga NCCE, hukumar tarayya mai kula da kwalejojin ilimi, take fitowa. Amma Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ta jiha ce, kuɗinta da ma'aikatanta a hannunka suke. Cibiyar malamai ta ƙasa, NTI, tana nan Kaduna tun 1976, an kafa ta ne don horar da malamai. Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya. Jihar da ke da waɗannan a tsakar gidanta ba ta da hujjar jiran kowa.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka sa a buɗe ɗakin koyon koyar da lissafi a kwalejin jihar, ba na na'urori masu tsada ba, na tsinke da mudu da igiyar awo da kuɗin takarda. Kada ɗalibin sashen firamare ya fita sai ya tsaya gaban yara na gaske ya bayyana aro da ninkawa da rabawa, da Turanci da kuma harshen da yaran ke ji, Hausa ce ko Tyap ko Jju ko Gbagyi. A tantance su a kan lissafin firamare tun suna aji ɗaya a kwaleji, wanda ya gaza a gyara shi a lokacin, kafin ya yi aure ya tara iyali a zo a kore shi. A zaɓi ƙwararrun malaman aji a ba su ɗan alawus su zauna da 'yan TP kullum. Mu tsofaffin da muka ajiye aiki muna nan, da yawanmu za mu zo ko don ladan.

Akwai maganar cunkoso a azuzuwa, akwai ta albashi. Akwai kuma naira 50,000 a kowane zango da gwamnatin tarayya ta yi wa ɗaliban NCE alkawari a 2021, ka taimaka ka tuna wa Abuja.

Idan zangon TP ya zagayo, ka shiga kowace makarantar firamare a Rigasa ko Tudun Wada ba tare da sanarwa ba, ka zauna a bencin baya na aji uku, ka roƙi malamin gwaji ya koyar da 52 a ɗebe 17. Minti goma ya ishe ka.

Wassalam.

Tsohon hedimasta, Kaduna.