Karnukan da ba su da iyayen gida sun addabi Rigasa

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in koka kan karnukan da ke yawo sakaka a unguwarmu ta Rigasa, waɗanda ke taruwa a bakin bola da asuba har masu zuwa masallaci sai sun riƙe sanda. Makon jiya ɗaya ya yagi ƙafar wani almajiri a ƙofar gidana. Muka wanke ciwon da sabulu da ruwa, muka garzaya da shi asibiti, domin haukan kare idan alamunsa suka bayyana da wuya a tsira. Mun kai kuka inda ya dace, amma har yau shiru kake ji. Muna roƙon likitocin dabbobi su shigo su yi wa karnukan gida allurar rigakafi, a kuma kwashe na yawo daga bakin bolar nan.

Naka,
Mazaunin Rigasa, Kaduna